Sawun Goɗiya Mai Jan Fenti

Ƙarfe bakwai na safiyar Litinin, Kofur Harrison ya ƙirga dawakan gwamnati ya samu arba'in da ɗaya. Ya koma ɗaya gefen ya sake ƙirgawa da yatsa, yana motsa leɓe kamar ɗan firamare. Arba'in da ɗaya. Jiya da magariba kuwa arba'in da biyu ya rufe wa ƙofa da hannunsa.

Kafin ƙarfe tara rabin mutanen Mahuta sun jeru a jikin wayar shingen garken.

Wurin tsohuwar gonar kaji ce da ta mutu, aka mai da ita garken wucin gadi. Wata uku ke nan da soja suka miƙa mulki. Manyan hafsoshin da aka yi wa ritaya suka kwashe iyali da motoci suka bar gari, amma dawakan da suke buga ƙwallo da su da yamma sai suka manta da su a barga. Masu kula da su suka jira har suka gaji, suka kwance su, kowa ya kama gabansa. Dawakan da a da ake yi wa wanka da sabulu suka koma kiwo a bola, suna tare titi, suna faɗa wa masarar mutane. Da koke ya yi yawa, sabuwar gwamnati ta kafa kwamiti, aka bi unguwa-unguwa aka tattaro su, aka ba kowanne lamba. Likita ya zo ya raba su biyu. Mai lafiya aka shafa masa farin fenti a kafaɗa, za a yi gwanjonsa. Wanda ya nakasa aka shafa masa ja, za a harbe shi ranar Laraba.

Masu ja guda tara ne. Wadda ta ɓata ɗaya ce daga cikinsu, goɗiya mai lamba sha tara.

"Mai gadi ne, ba sai an je wajen boka ba," in ji wani ɗan acaɓa daga cikin taron.

"Tsohon soja fa. Sun saba ɗauka ba tambaya."

"To yanzu farar hula ne a sama. Zai yi bayani."

Harrison yana tsaye ƙiƙam a bakin ƙofa, hularsa a hannu, yana jin su. Shekara ashirin da biyu ya yi a soja, sha uku yana gadin kayan gwamnati. Wata huɗu suka rage masa ya yi ritaya da mutuncinsa.

Hajiya Binta, sakatariyar kwamitin, ta rufe fayil ɗin da ke hannunta ta dube shi ta saman tabarau.

"Kofur, ni ban ce kai ne ba. Amma ƙarfe biyar ciyaman zai zo, kuma da 'yan sanda zai zo. In babu goɗiya babu ɓarawo, kai za su sa a mota. Aikinka kuma ya ƙare daga yau."

Harrison ya matsa gabanta. "Madam, alfarma ɗaya. A ɗauko mini Baba Zakari na Tudun Wada."

* * *

Malam Zakariyya'u, wanda ake kira Baba Zakari, ya yi shekara talatin yana gadin gandun daji, yana bin sawun masu satar farauta. Yanzu igiya yake tufkawa a ƙofar gidansa, amma har gobe in akuya ta ɓata ko an haura katanga, shi ake aika wa. A dajin ne ya san Harrison, lokacin da aka taɓa haɗa su sintiri. Ya sauko daga motar kwamiti da sandarsa ta gora mai tsage-tsage, wadda yake awon taku da ita, bai ko kalli garken ba. Wajen mai ƙosai ya nufa.

"Baba, garken yana nan," in ji Hajiya Binta.

"Na gan shi, Hajiya. Ban karya ba ne. In ina jin yunwa ƙasa ba ta yi mini magana."

Mai ƙosan dattijuwa ce, Mama Damaris, tun ranar da aka buɗe garken take suya a bakin ƙofarsa. Tana zaune a kan bulo tana juya ƙosai, gefenta kuma Alhaji Lawal ne, dillalin dabbobi, wanda ya tare a wurin yana jiran ranar gwanjo.

"Mama Damaris, yau kin makara, ga kujerar taki ma babu," in ji Alhaji Lawal da ƙosai a baki. "Ko ita ma ɓarawon ya haɗa da ita?"

"Ƙafarta ta karye, Alhaji. Ka ci ƙosanka ka bar tsohuwa da ciwon bayanta."

"Ki shafa mata jan fenti, Laraba a harbe ta."

Aka kwashe da dariya. Ita dai ta ci gaba da juya ƙosanta.

Malam Zakariyya'u ya ci uku, ya goge hannu, sannan ya zagaya bayan garken shi kaɗai, bayan ya roƙi jama'a kada wanda ya biyo shi ya tattake masa ƙasa. An yi ruwa cikin dare, laka ta riƙe kome.

A kusurwar gabas ya tsaya. Ba a yanke wayar ba. Warware ta aka yi, aka fitar da goɗiyar, sannan aka sake murɗa ta a hankali yadda sauran ba za su fita ba. Ya jima yana kallon murɗin. Ɓarawon da ke rufe ƙofa bayan ya fita, a shekara talatin bai taɓa gamuwa da shi ba.

A ƙasa ga sawun goɗiyar: kofato uku sun nutse, na huɗu, na gaba ta dama, bakinsa kawai ke taɓa laka. A gefenta ga sawun mutum. Takalmin soja ne, babba.

Ya bi su ta cikin masara har bakin rafi. A nan suka shiga ruwa. Ya haye ya duba ɗaya gaɓar, babu inda suka fito. Ya yi tsaki ya juyo.

Kafin ya iso ƙofa labarin takalmin soja ya riga shi, don wani ya leƙa ta jikin waya. Duk ido ya sauka a ƙafar Harrison.

* * *

A ɗakin gadi Malam Zakariyya'u ya zaunar da Harrison ya turo ƙofa.

"Kofur, ka bar wurin nan?"

"Ko taku ɗaya, Baba."

"Cire takalminka."

Harrison ya cire. Malam Zakariyya'u ya aza sandarsa a kai. Girmansu ɗaya da na sawun. Ya juya takalmin ya tsinci wani abu a jikin igiyarsa, ya ɗaga a gaban idon Harrison.

"Wannan ƙaiƙayin ciyawar fadama ne. A garken nan ko tsinke dawaki ba su bari ba. Ka sake yi mini ƙarya, in ɗauki sandata in koma Tudun Wada."

Harrison ya sunkuyar da kai. Ya miƙa hannu ƙarƙashin benci ya jawo lauje.

"Kwana shida motar harawa ba ta zo ba, Baba. Wai takarda tana teburin wani. Dawakan nan suna cin itacen shinge, suna cin bindin juna. Ni ba zan iya kallo ba. Kullum da gari ya fara haske ina zuwa rafi in yanko dami huɗu in dawo. Awa ɗaya da rabi. Oda ta ce kada in bar ƙofa. In na faɗa, kora ce."

"In ba ka faɗa ba kuma kurkuku ce. Ta wane gefen rafin kake yanka?"

"Ta ƙasa, wajen gadar katako."

"Ka ga doki ya wuce ka a cikin ruwa?"

"Ko kare ban gani ba."

"Wa ya san kana fita?"

"Duk mai sammako a wurin nan. Alhaji Lawal ma ya taɓa ganina, ya ce in na ba shi dama ya zaɓi doki tun kafin gwanjo zai rufa mini asiri. Na ce ya je ya faɗa."

* * *

Alhaji Lawal bai ji kunya ba da aka tambaye shi. Dariya ma ya yi har tumbinsa yana rawa.

"Na faɗa masa haka, ƙwarai. Sana'a ce. Amma Malam, ka dube ni da kyau. In zan yi sata, ga fararen fenti talatin da uku, akwai wani baƙin doki akawal a ciki da ko gwamna ya hau sai an tafa. Sai in tsallake su in ɗauki gurguwa wadda jibi za a harbe? In kai ta ina, asibiti?"

"Masu nama fa?"

"Ƙashi da fata? Su ma suna da ido." Ya matso ya rage murya. "In kana neman mai wayo, ka tambayi likitan nan. Ni na ga ranar da ya yi fentin. Ko daga mota bai sauko ba. Ana wucewa da doki ta gabansa yana cewa fari, ja, fari, fari. Wa ya sani ko ya shafa wa mai kyau ja ne don ya zagayo ta baya ya ɗauke abinsa?"

Dokta Alexander ya iso da tsakar rana a kan babur. Saurayi ne dogo, idonsa ja saboda rashin barci, takalmin roba a ƙafarsa. Da ya ji abin da aka ce, sai da jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Ni? Baba, a ɗaki ɗaya nake haya a Kamazou. A ina zan ajiye doki, ƙarƙashin gado?"

"An ce ba ka sauko daga mota ba."

Likitan ya zauna a bakin benci. "Ni likitan shanu ne da kaji. Ni kaɗai ne a shiyyar nan. Aka ba ni yamma ɗaya, aka ce kafin magariba rifot ya kai ofis. Na farko da na matsa kusa da shi ya harbe ni a cinya, sai da aka ɗaga ni. Sauran a zaune na duba su."

"Sha tara fa?"

"Karaya ce. Ba ta aza ƙafar a ƙasa ko kaɗan. Doki kuma in ya karye, rahamarsa harsashi."

"Ka ɗaga ƙafar ka duba?"

"Ba sai an ɗaga ba, Baba. Ana gani."

Malam Zakariyya'u ya gyaɗa kai. Wannan ba ɓarawo ba ne, gajiyayye ne. Ya dubi rana. Ƙarfe ɗaya ta wuce, kuma har yanzu takalmin Harrison kaɗai ne a hannunsa.

Sai maganar ciyawa ta dawo masa. In Harrison yana ƙasan rafi bai ga kowa ba, to sama suka yi.

* * *

Ya yi sallar azahar a bakin ruwa, ya naɗe wando ya shiga. Ya yi tafiya mai ɗan nisa yana duba gaɓa biyu, har ya kai wata inuwar ɗinya inda yashi ya kwanta. A nan sawun ya fito.

Ya durƙusa a hankali. Ashe ba ɓad da sawu ya sa aka shiga ruwa ba. Goɗiyar ta daɗe tsaye a wuri guda cikin ruwan, ramin kofatonta ya nuna. Jiƙa mata ƙafa aka yi.

A kan yashin kuma ta tsaya da ƙafa uku. A ƙarƙashin wani dutse ya ga ƙarfe yana ƙyalli. Takalmin doki ne, ya cinye har ya zama kamar wuƙa, da ƙusoshi shida an jera su a gefe a tsanake. Ɗaya ta lanƙwashe, bakinta baƙi ƙirin. Ya kai hanci ya yi saurin kau da kai. Mugunya. Ga tabonta nan a yashi, ga ɓurɓushin gishiri, ga guntun tsumma.

Ya tashi ya bi sawun da ya bar wurin. Taku goma na farko tana ɗari-ɗari. Daga nan kofato na huɗu ya fara sauka gaba ɗaya. Kafin su kai kwalta, inda sawun ya ɓace a hanyar Kamazou, tana taka shi kusan daidai da sauran.

"Karaya," in ji shi, ya yi 'yar dariya shi kaɗai.

Ya dawo gindin ɗinyar, don akwai abin da bai zauna masa ba. Ya ga masu sa wa dawaki takalmi a bariki. A tsaye suke aiki, su juya wa dokin baya, su sunkuya, su matse kofaton tsakanin gwiwoyinsu. Sawun irin wannan tsayuwa ƙafa biyu ne a ware. A nan babu shi. Abin da ke akwai ƙananan ramuka huɗu ne a jere kamar kusurwar akwati, da sawun takalman soja biyu a haɗe a gabansu. Wanda ya yi aikin nan zama ya yi, ya ɗora kofaton a cinyarsa.

Ya aza sandarsa tsakanin taku da taku na mai takalmin. Gajere, bai kai rabin na Harrison ba. Duddugen ya nutse, amma gaban takalmin ko shatar kirki bai yi ba. Ƙafar da ke ciki ba ta kai can ba.

Rami na huɗu ya fi sauran zurfi. Ya sa yatsa ya tono guntun katako mai kauri, ya sha hayaƙi, gefe ɗaya sabuwar karaya.

Ya zauna a kan dutsen ya daɗe. In ya yi shiru, ƙarfe biyar Harrison zai shiga mota. In ya yi magana kai tsaye, mai wannan katako ce za ta shiga, goɗiyar kuma ta dawo ta jira Laraba. Ya juya abin ta kowane gefe. Gaskiyar dai ɗaya ce, ba zai taɓa ta ba. Abin da ke hannunsa shi ne wace tambaya zai fara yi.

* * *

Bayan la'asar ya sa aka fito da tebur ƙarƙashin mangwaron bakin ƙofa. Hajiya Binta ta zauna da fayil. Harrison a tsaye, Alhaji Lawal da Dokta Alexander a benci. Jama'a suka yi da'ira.

"A kira mai ƙosai ma," in ji shi. "Kullum tana bakin ƙofa, shaida ce."

Mama Damaris ta zo tana goge hannu da gefen zane, ta tsaya daga baya.

"Hajiya, kafin in ce kome, ki karanta mana abin da takarda ta ce a kan jan fenti."

Ta buɗe fayil. "Dokin da likita ya tabbatar ba zai sake tafiya da ƙafa huɗu ba."

"In ya tafi da ƙafa huɗun fa?"

"To ba ja ba ne."

"A gaban jama'a kika faɗa. Likita, doki mai karaya zai yi tafiya daga nan zuwa kwalta?"

"Ba zai yiwu ba."

"Sha tara ta yi."

Ya zazzage aljihunsa a kan tebur: takalmin ƙarfe, ƙusoshi shida. Ya ɗauki baƙar ya miƙa wa likitan.

"Shinshina. Takalmin nan ya daɗe a ƙafarta fiye da ƙima. Kofato ya girma, ƙusa ta karkace ta shiga nama, ciwo ya taru a ciki babu hanyar fita. Da aka cire aka huda, ta taka."

Dokta Alexander ya juya ƙusar a hannunsa.

"Ka ga aikin soja ke nan," in ji ɗan acaɓan ɗazu. "Kofur ne."

"Kofur, taka daga nan zuwa can."

Harrison ya taka. Malam Zakariyya'u ya auna da sanda ya nuna wa jama'a tsagar. Sannan ya nuna wata tsagar can ƙasa.

"Wannan takun mai takalmin ne. Takalmi na ƙato, taku na wanda zane ya ɗaure wa ƙafa. Namiji mai wannan sana'a a tsaye yake yi, ya matse kofato da gwiwa. Mai zane ba za ta iya ba. Dole ta zo da abin zama."

Ya ciro guntun katakon ya ajiye a hankali kusa da ƙusoshin.

Alhaji Lawal ya kalli katakon, ya juya ya kalli bulon da ke gaban kaskon ƙosai, bakinsa ya buɗe bai rufe ba.

Mama Damaris ta ratsa mutane ta zo gaban tebur. Ba ta kalli kowa ba sai Harrison.

"Ɗana, ka yafe mini. Tun safe nake cewa in biyar ta yi aka zo ɗaukarka zan tashi in faɗa. Ina dai neman goɗiyar ta ƙara samun awa biyu ne ƙafar ta huce."

"Mama," in ji Harrison, "ke?"

"Ni." Ta juya ga Hajiya Binta. "Mijina Saje Daniel shi ke sa wa dawakan bariki takalmi, shekara ashirin da shida. Da hannunsa ya fara rawa, ni ke yi masa a bayan barga, shi yana tsaye yana karɓar yabo. Ya rasu wata shida da suka wuce, takalminsa na soja ne na sa ɗazu da asuba. Takalmin nan da ke gabanki shi ne na ƙarshe da muka sa. Sati shida ya kamata ya yi a cire. Ba wanda ya tuna. Sunanta ma ba sha tara ba ne, Lizi ce. A hannuna aka haife ta." Ta ja numfashi. "Ba zan zauna ina soya ƙosai aikin mijina ya zama ajalinta ba."

"Me ya hana ki faɗa mana?" in ji Hajiya Binta.

"Sau uku, Hajiya. Ranar fenti na je jikin motar likita, direba ya ce in matsa kada in shafa wa gilashi mai. Na je ofishinku, masinja ya ce ba a sayar da abinci a sama. Na uku, ke da kanki na tare a nan, kika ɗauka ƙosai na kawo miki, kika ce in ba yara, kin ƙoshi. An ce mana yanzu gwamnatinmu ce. Na tsaya a layi ranar zaɓe har rana ta take. Sai na ga maganata ba ta hau mataki ɗaya ba."

Hajiya Binta ta cire tabaranta ta ajiye a kan fayil. Ta tuna ranar.

"Doka dai doka ce," in ji wani daga baya. "Ta taɓa kayan gwamnati."

"Kayan gwamnatin da jibi za a jefa a rami?" in ji Alhaji Lawal. "Kai, rufe mana baki."

"Ina goɗiyar take?" in ji Hajiya Binta.

"Wani kango cikin masara, bayan gidana. Ba nisa."

"Je ki kawo ta. In ta shigo nan da ƙafa huɗu, na san abin da zan rubuta."

* * *

Biyar saura kwata suka hango su a kan hanya. Tsohuwa a gaba, goɗiya a baya, babu ko igiya a wuyanta. Ƙafar dama tana naɗe da tsumma da guntun buhu. Tana ɗan ɗingishi, amma tana takawa, kanta a sama, jan fentin yana ƙyalli a kafaɗarta.

Dokta Alexander ne ya fara tashi. Ya je ya tsaya nesa kaɗan, yana shafa cinyarsa.

"Mama, ki nuna mini yadda ake ɗagawa."

"Matso, ba za ta harbe ka ba. Ka fara gaishe ta tukuna. Kai ma in aka kama ƙafarka ba sallama ai harbi za ka yi."

Ya ɗaga, ya duba, ya daɗe a sunkuye. Da ya miƙe bai jira an tambaye shi ba.

"Hajiya, na yi kuskure. Ina so in sake duba sauran takwas ɗin. Da ita."

Lokacin da motar ciyaman ta tsaya, 'yan sanda biyu a baya, Hajiya Binta ta riga ta gama rubutu. Ta karanta masa a tsaye a gaban kowa: ba a sace lamba sha tara ba, an fitar da ita jinya ne ba tare da izini ba, kuma ta dawo, dawaki arba'in da biyu cif, mai gadi yana barin ƙofa ne don ciyar da dabbobin da kwamiti ya bari kwana shida babu abinci, ana neman a ɗage harbin Laraba.

Ciyaman ya dubi takardar, ya dubi taron. Mutum ya fi ɗari, kuma kowa ya ji. A bara da tsawa ɗaya zai watsa su. Bana kuwa akwai kansila, akwai 'yan jarida, akwai wani zaɓen a gaba.

"Wannan maganar kwana shida," in ji shi, "dole ne ta shiga?"

"Ta riga ta shiga, ranka ya daɗe."

Ya karɓi biro ya sa hannu. 'Yan sandan suka sayi ragowar ƙosai suka koma mota.

Harrison ya mai da hularsa kansa, ya ƙame wa Malam Zakariyya'u kamar a fareti. Ya ɗaga hannu ya sara masa.

"Sauke hannun, Kofur," in ji tsohon. "Gobe ma ka je ka yanko ciyawarka. Amma ka bar wani a ƙofa."

* * *

Cikin masu ja takwas, shida ciwon kofato ne. Biyu sun riga sun wuce magani, likita ya sauƙaƙa musu mutuwa, Mama Damaris tana riƙe da kansu. Motar harawa ta zo ranar Alhamis. Kwamiti ya ƙara sharaɗi a takardar gwanjo: duk wanda ya ɗauki doki sai ya nuna inda zai ɗaure shi, kuma duk sati shida a duba ƙafa. Mai dubawar, Mama Damaris, an rubuta sunanta a ƙasa, da tambarin gwamnati. Alhaji Lawal, wanda ya yi ta gunaguni a kan sharaɗin, shi ne ya aiko kafinta da sabuwar kujera mai ƙafa kamar ta turmi.

Bayan sati biyu Malam Zakariyya'u ya kawo igiyoyin ragama da aka ce ya tufka. An yi yayyafi da safe. Yana sauka daga bas idonsa ya faɗa ƙasa, don ba ya iya hana shi.

Ga su nan a laka: takalmin soja babba, gajeren taku, gabansa babu nauyi. A gefensa kofato huɗu, kowanne ya zauna daram. Ya bi su da ido. Wannan karon ba ta bayan waya suka zagaya ba. Ta babbar ƙofa suka shiga.